Bin Sawun Suzanne Lenglen, Daga Jar Ƙasar Paris Zuwa Bakin Tekun Nice

Sai da na nemi izinin mai yi mana jagora kafin na durƙusa a bakin filin tanis ɗin nan na Paris na dangwali ƙasar da ɗan yatsa. Ja ce jawur, kamar ta hanyar ƙauyenmu bayan ruwan farko, sai dai ta fi ta laushi nesa ba kusa ba. Na murza ta, ta bar mini launi kamar lalle ya fara kamawa. Mutumin ya ce ba haƙo ta aka yi ba, jan bulo ne gasasshe aka niƙe, kuma kaurinsa bai wuce milimita 2 ba. A ƙarƙashinsa farin dutse ne da aka daddaɓe, can ƙasa kuma tsakuwa. Ɗiyar yayana, wadda ke karatu a Paris, ita ce bakina da kunnena a duk tafiyar. Ta fassara mini, sannan ta rage murya ta ce, "Goggo, ki tashi haka nan, mutane na jiran mu."

Ban tashi da wuri ba. Shekara 26 ke nan ina koyar da wasannin motsa jiki a makarantar 'yan mata, a kan filin siminti da ya tsattsage, da ragar da muka ɗinke sau ba adadi. Tun ina kwalejin horon malamai na ci karo da hoton wata mata a wani tsohon littafin wasanni na ɗakin karatu. Ta tashi sama, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya kamar barewa za ta tsallake rafi, da ƙyalle ɗaure a goshi, raket a hannun dama. A ƙasan hoton an rubuta Suzanne Lenglen, fitacciyar 'yar wasan tanis ta Faransa. Tun daga ranar nake tsintar labarinta duk inda na gan shi. Da Allah ya nufa zan je ganin ɗiyar yayan nawa a watan Satumbar bara, sai na ce mata ni ba hasumiya ce ta kawo ni ba, ba kuma kantuna ba. Sawun matar nan nake so mu bi.

Filin da na durƙusa a kai sunanta yake ɗauke da shi. Shi ne na biyu a girma a Roland Garros, wurin da ake buga gasar tanis ta Faransa, yana cin 'yan kallo kimanin 10,000. An gina shi a 1994, aka raɗa masa sunanta a 1997. Kofin da ake miƙa wa macen da ta lashe gasar Faransa kowace shekara ma da sunanta ake kiran sa. A 2024 aka yi wa filin rufi mai buɗewa da rufewa, na wani farin yadi mai ninki-ninki, kuma da gangan aka yi ninkin don ya yi kama da siket ɗin da take sawa. Na ɗaga kai na daɗe ina kallo. Daga nan jagoran ya faɗi maganar da ta tsaya mini a maƙoshi: ita kanta ba ta taɓa buga gasar Faransa a wannan wuri ba. A 1928 aka buɗe Roland Garros, lokacin kuwa kusan shekara 2 ke nan da hukumar tanis ta ƙasarta ta rufe mata ƙofa. Laifinta shi ne ta karɓi kuɗi a kan wasan da ta iya.

Na san wannan tun a gida. Amma sanin abu a takarda daban, jin sa kana tsaye a ƙarƙashin sunan mutum da aka rubuta da manyan haruffa daban.

Bayan kwana biyu muka yi sammako zuwa tashar Gare de Lyon, muka hau jirgin ƙasa mai zuwa Nice, wanda su suke furtawa "Nis". Tafiyar kusan awa 6 ce. Da farko jirgin gudu yake kamar zai bar ƙasa, gonaki na wucewa fiu. Da ya kusanci teku sai ya sassauta, ya riƙa bin gaɓa a hankali, jajayen duwatsu a hagu, ruwa shuɗi shar a dama. A nan na ba ɗiyata labarin farkon abin.

A Paris aka haifi Suzanne ranar 24 ga Mayu, 1899. Gidansu masu hali ne: mahaifinta, Charles Lenglen, ya gaji kamfanin keken doki na ɗaukar fasinja, ya sayar, ya kwashe iyalinsa zuwa ƙauyen Marest-sur-Matz kusa da Compiègne. Ƙanenta ya rasu yana ƙarami, ta zama ita kaɗai gare su. Idan sanyi ya shigo sai su gangaro Nice, kamar yadda masu kuɗin Turai suke yi a zamanin, su zauna har ya wuce. A 1910, tana da shekara 11, uban ya saya mata raket na wasan yara. Bai ɗauki lokaci ba ya gane hannun yarinyar ba irin na kowa ba ne, ya canza mata da na gaske, ya kuma ajiye duk wata hidima ya zama mai horar da ita.

Mun sauka da rana tsaka. Na haɗa azahar da la'asar a masauki, muka ci wata waina mai faɗi ta garin wake da suke kira socca, ana gasa ta a babban faranti a yanka da zafinta a barbaɗa masoro, sannan muka nufi dandalin Place Mozart. A nan kulob ɗin tanis na Nice yake lokacin da Suzanne take ƙarama. Yanzu lambu ne da kujeru, tsofaffi na shan iska, tantabaru na kiwo. Na zauna ina ƙoƙarin hango yarinya 'yar shekara 12 da mahaifinta a tsaye a kanta.

Dabarar mutumin ita ce abin da ya fi jan hankalina a matsayina na malama. Ya zauna ya kalli yadda matan lokacin suke wasa, ya ga tsayawa suke a baya suna lallaɓa ƙwallo, sai ya ce 'yarsa ba za ta koyi wannan ba. Ya koma kallon manyan 'yan wasa maza, ya ɗauko bugun da kowannensu ya fi ƙwarewa a kai, ya haɗa mata. Ya sa ta riƙa karawa da maza. Ya sa ta koyon rawa don ƙafarta ta yi sauƙi, kuma wannan ne asalin tsallen da na gani a hoto. Sannan ga hankici. Yakan shimfiɗa hankici a wani lungu na filin, ya ce ta sauke ƙwallo a kansa. Ta buga, ta sake bugawa, ta sake, har sai ta same shi sau da yawa a jere; sai ya ɗauke ya mayar wani lungun. Awa bayan awa, kullum. Shi ya sa da ta girma ba da ƙarfi take kayar da mutane ba. Inda ta ga dama take ajiye ƙwallo, kuma da wuya ta yi kuskure.

Sai dai abin yana da ɗaya fuskar. Idan ta kuskure, a gaban jama'a yake yi mata tsawa, uwar ma tana tayawa, yarinya ta fita fili tana hawaye. Ta girma da jiki mai saurin kamuwa da ciwo da zuciya mai saurin firgita. Duk nasarar da ta samu, tsoron faɗuwa bai taɓa barin ta ba. A kujerar nan ta Place Mozart na ba ɗiyata labarin da ban taɓa ba kowa a gida ba. Na taɓa samun wata ɗaliba 'yar aji uku wadda ban ga mai hannu kamar nata ba, kafin ta ko bayanta. Na ɗora mata buri, na matsa mata. Ranar da aka fitar da ita a wata gasa, na yi mata faɗa a gaban ƙawayenta har muryata na rawa. Ta ajiye raket a gabana cikin ladabi, ta ce, "Malama, ki yi haƙuri." Ba ta sake tako filin ba har ta gama makaranta. Don haka idan na zo kan Charles Lenglen bakina yakan yi nauyi. Na san daga ina tsawar take fitowa, na kuma ga abin da take karyawa.

Washegari muka haura unguwar Parc Impérial, inda kulob ɗin ya koma a farkon shekarun 1920 kuma yake har yau, ba nisa da babban cocin Rashawa mai tulluwa masu launi. Titin da ƙofar take kai sunansa Avenue Suzanne Lenglen. Muka tarar da wani ma'aikaci yana gyaran fili tsakanin wasa da wasa: ya ja wata tabarmar raga a bayansa, yana zagayawa daga gefe zuwa tsakiya har sawun takalma suka ɓace, ya share fararen layuka da ɗan tsintsiya mai taya, sannan ya yi yayyafi da tiyo. Ƙasar ta yi duhu, ƙamshin jiƙaƙƙen bulo ya taso. Wasu yara mata biyu suka shiga, na tsaya ina kallon yadda suke zamewa da ƙafa kafin su buga, abin da ba zai yiwu a kan simintinmu ba sai dai gwiwa ta gurje.

A irin wannan ƙasa Suzanne ta fara suna. A 1914, tana da shekara 15, ta lashe gasar duniya ta filin ƙasa a Saint-Cloud, bayan garin Paris. Bayan 'yan makonni yaƙin duniya na farko ya ɓarke, gasanni suka tsaya cik. Ta yi shekarun yaƙin a nan Nice, tana atisaye da maza, tana wasannin tara wa sojoji gudummawa. Da aka koma wasa a 1919 sai ta tsallaka Ingila, zuwa babbar gasar Wimbledon, ba ta taɓa buga gasa a kan ciyawa ba.

Ingila ban je ba, bizarta daban ce, don haka a inuwar kulob ɗin nan na zauna na warware wa ɗiyata wasan. A tsarin lokacin, mai riƙe da kofi zama take yi ta jira wadda ta kayar da kowa, su kara su biyu. Mai jiran kuwa ita ce Dorothea Lambert Chambers, 'yar shekara 40, wadda ta ci kofin sau 7. Suzanne tana da 20. Sarki George na Biyar da Sarauniya Mary suna cikin 'yan kallo. Ga wanda bai san lissafin tanis ba, ana yin sa ne turmi-turmi. A wancan lokacin, kowane turmi sai wani ya ci wasa 6 da ratar 2, idan ba a samu ratar ba a ci gaba. Turmin farko Suzanne ta ci 10 da 8. Na biyu Chambers ta karɓe 6 da 4. A na uku dattijuwar ta kai 6 da 5, saura mata maki ɗaya tak ta ɗauki kofi, kuma dama biyu gare ta. A ta farko Suzanne ta miƙa hannu da ƙyar, ƙwallo ta bugi katakon raket ta faɗa bayan raga. A ta biyu ta zabga ta ta gefen layi. Ta ƙarasa turmin 9 da 7. Wasa 44 suka buga a yinin nan. A tsakiyar abin, da ƙarfinta ya ƙare, uban ya jefo mata 'yar barasa daga cikin 'yan kallo ta kurɓa. Masu ba da labari sukan faɗi wannan da sha'awa. Ni abin da nake gani shi ne jikin yarinya ya ce ya gaji, aka ƙi saurarensa.

Ba wasan kaɗai ya girgiza Ingila ba, har da kayan jikinta. Matan lokacin da dogon siket har idon sawu suke wasa, da fatari a ciki, da wata ɗamarar ciki mai ƙarafa da ake tamke ta har numfashi ya yi wuya. Elizabeth Ryan, Ba'amurkiyar da ta zama abokiyar wasan Suzanne ta bibbiyu, ta ba da labarin cewa a ɗakin canza kaya akan shanya waɗannan ɗamaru, sau da yawa da jini a jikinsu. Suzanne ta fito da riga guda mara nauyi, mai gajeren hannu, iyakarta ƙwauri, babu ɗamara. Daga baya mai zanen kaya Jean Patou ya ɗinka mata siket mai ninki zuwa gwiwa, ta ƙara da ƙyallen goshin da ya zama alamarta. Ni ba zan sa irin kayanta ba, ɗalibaina ma da dogon wando da riga mai dogon hannu da ƙaramin hijabi suke wasa, kuma suna gudu yadda ya kamata. Amma ina ganin abin da ta nema shi ne abin da ni ma nake nema wa yarana duk lokacin da na zauna da tela: kayan da mace za ta iya numfashi ta miƙe hannu a cikinsu ba tare da sun ji mata ciwo ba.

Daga nan sai ta zama kamar ruwan sama, ba mai tare ta. Ta ci Wimbledon a 1919, 1920, 1921, 1922, 1923 da 1925. A 1924 ciwon shawara ne ya fitar da ita ana tsakiyar gasa. A wasannin Olamfik na 1920 a Antwerp ta Beljiyam ta ɗauki zinare biyu da tagulla ɗaya. Jaridun Faransa suka riƙa yi mata kirari kamar ba mutum ba. Cincirindon masu son ganin ta na cikin dalilan da suka sa Wimbledon ta bar tsohon filinta na Worple Road ta koma babba a Church Road a 1922. A gasar 1925, tun daga farko har ta ɗaga kofi wasa 5 kacal aka ci ta.

Sau ɗaya tak aka kayar da ita a wasan ɗaiɗai bayan yaƙi. A 1921 ta tafi Amurka don tara kuɗin gyara yankunan Faransa da yaƙi ya rusa, ba da son mahaifinta ba, kuma bai bi ta ba. Ta sauka daga jirgin ruwa ba lafiya, wadda za ta fara karawa da ita ta janye, sai ta tsinci kanta gaba da gaba da zakarar Amurka, Molla Mallory, a gasar Amurka a Forest Hills da ke New York. Aka ci ta turmin farko 6 da 2, tari ya sarƙe ta, ta fita tana kuka. Jaridun can suka yi mata ca, suka ce tsoro ne. Shekara na zagayowa suka haɗu a wasan ƙarshe na Wimbledon, ta gama da Mallory 6 da 2, 6 da 0, ba a cika rabin awa ba. A 1923 suka sake haɗuwa a nan Nice, ba ta bar mata ko wasa ɗaya ba.

Rana ta uku muka hau ƙaramin jirgin ƙasa zuwa Cannes, tafiyar da ba ta fi minti 40 ba. Otal ɗin Carlton na nan a bakin teku, fari fat, da tulluwa biyu a kusurwoyinsa, motoci masu tsada na sauke baƙi. Mu bayansa muka zagaya, domin a can filayen kulob ɗin Carlton suke a da. Yanzu gidaje ne masu hawa-hawa da tituna. Na tsaya a gefen hanya ina duban tagogi da baranda, domin a ranar 16 ga Fabrairu, 1926, duk wata taga da rufin gida da bishiya da ke kallon filin nan cike take da mutane. Tikiti ya ƙare, 'yan bumburutu sun ninka kuɗinsa, 'yan jarida sun zo daga ƙasashe da dama.

Abokiyar karawar ita ce Helen Wills, 'yar California mai shekara 20, wadda ta riga ta ci gasar Amurka sau 3 a jere da zinaren Olamfik na 1924. Ita akasin Suzanne ce ta kowace fuska: doguwa, mai ƙarfin bugu, da 'yar farar hular kare rana, fuskarta ba ta nuna murna ko ɓacin rai. Charles Lenglen yana kwance ba lafiya, bai zo ba. Suzanne ta ci turmin farko 6 da 3. A na biyu Helen ta wuce gaba 3 da 1, Suzanne ta fara haki tana dafe ƙirji, amma ta lallaɓa ta kamo, ta wuce 6 da 5, saura mata maki ɗaya. Helen ta zabgo ƙwallo can kusurwa, aka ji murya ta ce ta fita. Suka taho raga suka gaisa, jama'a suka ɓarke da sowa, aka fara shigo da furanni. Sai ga mai kula da layin, Lord Charles Hope, yana kutsawa cikin mutane zuwa wurin alƙalin wasa. Ya ce ba shi ya yi magana ba, wani ne daga cikin 'yan kallo. Ƙwallo a ciki ta sauka.

Duk wanda ya taɓa yin gasa ya san abin da wannan yake yi wa mutum. Ka riga ka sauke kaya daga kanka, jikinka ya saki, sai a ce ɗauki ka koma. Aka fitar da furanni, aka share fili. Helen ta ci wannan wasan, aka koma 6 da 6. Matar da kowa ya sani da saurin kuka da firgita, wadda aka yi wa gorin guduwa a Amurka, ba uba a gefe, ta koma layi ba ta ce uffan ba, ta ci wasa biyu a jere, 8 da 6. Sai bayan nan ta zauna a tsakiyar furanni ta fashe da kuka. Helen ta ɗauki rigar sanyinta ta fice, kusan ba wanda ya lura. A wurina wannan minti goma ɗin sun fi duk kofunanta. Ba su sake haɗuwa a wasan ɗaiɗai ba; a watan Yuni aka yi wa Helen aikin gaggawa a ciki a Paris, kafin ta warke kuma Suzanne ta bar fagen.

Muka sayi ruwa muka zauna a wata kujera a bakin teku, ɗiyata ta yi tambayar da nake jira. "Goggo, to duk kuɗin tikitin nan wa yake ci?"

Kulob-kulob, da otal-otal, da hukumomin wasa. A dokar lokacin, tanis wasan sha'awa ne. Wanda ya karɓi lada a kansa ya fita daga sahun masu mutunci, ba zai sake shiga manyan gasanni ba. Doka ce da ta yi wa mai gādo daidai, domin shi ba ya buƙatar a biya shi. Suzanne kuwa dukiyar gidansu ta ja baya, uba na jinya, ita ce ke cika filaye, wasu na ƙirga kuɗi.

Abin da ya tsinka igiyar ya faru a Wimbledon ta 1926, shekarar bikin cikar gasar 50. Aka matso da lokacin wasanta, saƙo bai daidaita tsakaninta da masu shirya gasa ba, ta iso a makare fiye da awa guda, alhali Sarauniya Mary na zaune tana jira. Aka yi mata faɗa, ta rikice, ta kulle kanta a ɗakin canza kaya. Jaridu suka ce ta wulaƙanta Sarauniya. Jama'ar da suka yi shekara 7 suna tafa mata suka juya mata baya, ta janye daga gasar, ba ta sake bugawa a can ba. A watan Agusta ta sa hannu da wani ɗan kasuwar wasanni na Amurka, C. C. Pyle, a kan dala 50,000. Suka fara a Madison Square Garden da ke New York ranar 9 ga Oktoba, suka zaga birane har Fabrairun 1927. Sau 38 ta kara da Mary Browne, tsohuwar zakarar Amurka, sau 38 ta ci. Hukumar tanis ta Faransa ta cire ta daga sahunta, kulob ɗin Wimbledon ya karɓe matsayin girmamawar da ya ba ta.

Ba ta yi shiru ba. Ta rubuta cewa a shekara 12 da ta yi tana zakara ta samar wa tanis miliyoyin faran, kuɗin Faransa na lokacin, har kuɗin shiga gasa take biya daga aljihunta, amma a duk rayuwarta ba ta tara dala 5,000 ba, kuma ko sisi a ciki bai fito daga wasan ba. Ta ce ga ta da shekara 27, ba ta da dukiya. Shin ta zauna tana murmushi talauci na tunkaro ta, tana tara wa wasu? Ni dai ban ga inda ta yi kuskure ba. Mu da aka koya wa a biya ma'aikaci kafin guminsa ya bushe, wannan magana ba ta buƙatar dogon bayani a wurinmu. Sai a 1968, shekara 30 bayan rasuwarta, aka buɗe manyan gasanni ga masu wasa don sana'a, sai a 2007 Wimbledon ta daidaita ladan mata da na maza. Ɗiyata ta ƙara mini da wani abin da ban sani ba: har matar nan ta bar duniya ba ta da ikon jefa ƙuri'a a ƙasarta, domin sai a 1944 aka ba matan Faransa wannan dama.

Kwana ɗaya kafin in taso gida muka je Saint-Ouen, a arewacin Paris. Muka fito daga jirgin ƙarƙashin ƙasa a Porte de Clignancourt, muka ratsa gefen babbar kasuwar gwanjo, inda na ji harsunan Afirka ta Yamma iri-iri, muka miƙe zuwa maƙabarta. Wani ma'aikaci ya duba takardarsa ya kwatanta mana layin.

Ƙarshen rayuwarta a koyarwa ta yi shi, kuma wannan ne ya sa nake jin ta kusa da ni. Mahaifinta ya rasu a 1929. Ba ta yi aure ba. Ta buɗe makarantar koya wa yara tanis a Paris, a 1938 kuma aka ba ta shugabancin makarantar tanis ta ƙasa. A watan Yunin shekarar ciwon jini ya kwantar da ita, idonta ya rufe, ta rasu ranar 4 ga Yuli tana da shekara 39. Kwana biyu kafin nan Helen Wills ta ɗaga kofin Wimbledon karo na 8.

Wurin shiru, sai ƙarar motoci daga nesa da ganyen da iska ke ja a kan dutse. Babu jagora, babu masu ɗaukar hoto, mu biyu ne kawai. Na karanta sunan, na tsaya jim. Abin da ya zo mini a rai ba kofuna ba ne, yaran da ta koyar ne. Ina tunanin da wace murya take yi musu magana idan sun kuskure. Ɗiyata ta riƙe mini jaka, ba ta hanzarta ni ba wannan karon.

A hanyar komawa na sa ta kai ni kantin kayan wasanni na sayi gwangwanin ƙwallo 6, iya abin da nauyin akwatina zai ɗauka. Hankici kuwa a kasuwarmu na saya, dozin guda, farare. Ranar Talatar farko bayan an koma hutu na shimfiɗa ɗaya a kusurwar hagu ta filinmu, na danne shi da 'yan duwatsu saboda iska, na kira wata ƙaramar yarinya 'yar aji ɗaya da na daɗe ina lura da hannunta. Ta buga 13 ba ta samu ba, kowane bugu sai ta waiwayo ta dubi fuskata. Na ce, "Ci gaba, 'yata, akwai sauran ƙwallo a bokiti." Ta 14 ta sauka a gefen hankicin, ya ɗan motsa.